Muryar Sarkin Toka

Kai Mudassir, rufe min baki! Kar ka ƙara yin dariyar nan a gidan nan. Na rantse in na sake ji sai na fasa maka leɓe. Ke kuma Hassu, kashe wayar nan. Kashe, na ce! Duk katun ɗin duniya ba ku ga na kallo ba sai wannan tsohon?

To ku matso. Tunda kun tono, yau za ku ji. Ku yi bisimilla tukuna. Kuma a hankali, kar Inna ta jiyo mu daga madafi.

Kun san Babana, Kawunku Tasi'u, mai gyaran rediyo a ƙofar gida. Kuna ce masa Kawu Bebe, kun ɗauka ba na ji. Ina jin ku sarai. To ba bebe ba ne. Muryar Sarkin Toka da kuke kwaikwayo, daga bakinsa ta fito.

Ina 'yar shekara biyar lokacin. Abin da ban gani da idona ba, shi ya rubuta min a takarda bayan na girma.

Aikinsa sa murya a katun. Masu zane su zana, hoto ya motsa baki, shi kuma ya zauna gaban makirufo ya daidaita magana da leɓen. Ya iya ƙwarai. Sai dai muryarsa sanyi gare ta, irin wadda ake rarrashin jariri da ita. Da ita yake tashina kullum. "Mamana, tashi, koko ya huce." Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana na yanka ba. Ko sau ɗaya. Kunya yake ji. Shafa'atu dai a bakin wasu nake jin sa.

Sai aka fara shirin Jarumi Walƙiya. Aka ba Baba mugun cikin shirin, Sarkin Toka, mai ƙone garuruwa yana farautar yara. Ya yi dariyar mugunta a situdiyo, kowa ya kwashe da dariya. Daraktan, wani Nafi'u marar ta ido, ya ce, "Tasi'u, wannan mugu ne ko mai tallan fura? Zuwa Asabar in ba ka samo murya ba, wani zan ba." A gaban kowa fa ya faɗa.

Abin ya ci Baba. Ya rasa inda zai je ya gwada murya ba a ji shi ba, sai ya tuna kangon tsohuwar silima da ke bayan kasuwar hatsi. Babu rufi, babu kowa, kuma bango na amsa magana. Ya tafi ranar Alhamis da tsakar rana, lokacin da ko akuya inuwa take nema. Ya shiga ba sallama. Wai kango ne, wa zai yi wa?

Ya tsaya gaban farin bangon da ake haska fim a da. Ya yi dariya. Bango ya mayar masa. Ya sake. Ya mayar. Ya yi ta uku.

Shiru. Bango bai mayar ba.

"Ba haka ake yi ba."

Ya waiwaya. Wani dattijo ne zaune a layin baya, kan dakalin siminti. Rigarsa fara tas. Ƙasa duk kashin tantabaru ne, amma babu sawu ko ɗaya zuwa inda yake.

"Sannu Baba. Ban gan ka ba."

"Ba ka yi sallama ba."

Nan Babana ya ga abin. Shi da aikinsa kallon leɓe ne, ba za a ɓoye masa ba. Maganar dattijon tana riga bakinsa fita. Sai ka gama jin kalma, sannan leɓen ya motsa.

Hassu, sakar min zane. Ba ke ce mai son kallo ba?

Da ni ce, wallahi gudu. Shi ya tsaya, saboda dattijon ya yi dariya. Wannan dariyar. Tantabaru suka tashi fir gaba ɗaya, biyu suka faɗo matattu. Baba kuwa fuskar Nafi'u kawai yake gani.

"Kana so?"

"Ina so."

"Buɗe baki."

Ya tofa masa wani abu mai sanyi ƙarara, mai ɗanɗanon toka.

"Aro na ba ka. Yi aikinka. Amma duk mai ran da ka kira sunansa da ita, nawa ne."

Baba ya yi tunani. Mutanen katun zane ne, ba su da rai. A gida kuwa, Inna "ke" yake ce mata, ni kuma sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ya ce ya yarda.

Ranar Asabar ya buɗe baki gaban makirufo, kofin shayi ya suɓuce daga hannun Nafi'u. Shiri ya karɓu. Gari duk ya ɗauka. Yara suna son Jarumi Walƙiya, amma Sarkin Toka suke jira, suna leƙe ta tsakanin yatsu.

Baba ya canja. Ba zan ɓoye muku ba don ubana ne. Ya fara jin daɗin ganin mutum ya firgita. Ya yi wa mai shayi muryar, mutumin ya zubar da tafasasshen ruwa a ƙafarsa. Ya yi wa wata tsohuwa mai ƙosai, ta faɗi zaune, shi yana ƙyaƙyatawa. Rannan Nafi'u ya yi masa faɗan makara. Baba ya juyo, ya dube shi ido cikin ido, ya ce da muryar nan, "Nafi'u."

Da gangan ya yi. So yake ya gani ko gaskiya ne.

Nafi'u ya ajiye takardunsa, ya fita ba takalmi. An ga shigarsa kangon. Bayan kwana uku ya fito, bai san kowa ba, har 'ya'yansa. Shi ne mahaukacin nan da ke tsince-tsince a bola bayan kasuwar hatsi. Eh, shi. Kun ga ke nan Baba ya sani. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Ni kuwa babu abin da nake tsoro a duniya kamar Sarkin Toka. Ban san Baba ne ke yin muryar ba. Da ya fito a talabijin sai in ruga in faɗa jikinsa. "Baba, kore shi!" Ya rungume ni ya ce, "Ina nan, Mamana, ba zai taɓa ki ba."

Ranar wata Juma'a, an sauko daga masallaci, abokansa suna cin shinkafa a zaure. Inna na min kitso a tsakar gida, ina ta kwarma ihu. Na hana su hira. Ɗaya ya ce, "Haba Tasi'u, kai da ke da dodo a maƙogwaro, 'yarka ta ishe mu? Ɗan yi mata mana." Kun san dai yadda ake wa yaro, a ce ga dodo nan, ya yi shiru. Kowa na yi. Ku ma an yi muku.

Baba ya laɓe bayan labulen zaure.

"Ina yarinyar da ke kuka?"

Na yi tsit. Fitsari ya bi ƙafata. Abokai suna ta dariya har da shaƙewa, shi kuma daɗi ya kama shi. Wani ya ce, "Kira sunanta, ta san da ita ake!"

Da muryarsa ce, da kunya ta hana shi. Shekara biyar tana hana shi. Amma Sarkin Toka ba shi da kunya.

"Shafa'aaatu."

Abu na ƙarshe da na tuna, na leƙa ƙarƙashin labule don in ga ƙafar dodo. Sai na ga takalman Babana.

Sauran, na gida Inna ta faɗa min, na kango shi ya rubuta. Wai na miƙe da rabin kitso na fita. Maza huɗu suka riƙe ni, na watsar da su kamar kaji. Ƙasa na ƙuna, ni ko a jikina. Baba ya biyo ni a guje har kango. Ya same ni zaune kusa da dattijon, idona a buɗe, toka na zuba daga bakina.

Ya zube ƙasa. "Don Allah Baba. Ɗauke ni, ka sake ta."

"Me zan yi da kai? Na gama da kai tuni."

"To me kake so?"

"Waccan. Wadda kake tashinta da ita da safe."

"In na ba ka, da me zan yi magana?"

Dattijon ya yi murmushi. "Na bar maka tawa. Kyauta."

Baba ya buɗe baki. Dattijon ya zura yatsu biyu, ya zaro wani abu, ya haɗiye.

Na farka a kafaɗarsa, muna kan hanyar gida. Ya ji na motsa. Murna ta kama shi, ya manta, ya buɗe baki zai ce Mamana. Sarkin Toka ya faɗa, daidai kunnena. Tabon nan da kuke gani a wuyansa, haƙorana ne.

Daga ranar bai ƙara magana ba. Shekara goma sha shida ke nan, in ban da sau ɗaya. Ya bar situdiyo. Ko tari zai yi sai ya fita bayan gida. Sallah a zuci yake karatunta.

Bara na ce na girma. Na zauna gabansa na ce, "Baba, ce min Mamana. Sau ɗaya tak. Ba zan gudu ba." Ya girgiza kai. Na nace, har da kuka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya buɗe baki.

Na gudu. Ƙatuwa da ni, na gudu har gidan maƙwabta na shige ƙarƙashin gado. Da na dawo na same shi ya cusa hannun riga a baki yana kuka, don kar in ji sautin kukan. Wallahi har yau na tsani kaina a kan wannan.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kar wanda ya bi ta bayan kasuwar hatsi shi kaɗai da tsakar rana. Ko aikenku aka yi, ku zagaya ta bakin masallaci. Akwai murya a kangon nan, mai sanyi, mai daɗi. Ni ina jin ta duk sanda na gifta.

"Mamana, tashi, koko ya huce."

Na san ba Baba ba ne. Na sani sarai. Amma nan kaɗai ta rage a duniya, kuma kullum sai na ƙara matsawa kusa da ƙofar. In kun taɓa ganina na nufi can, kar ku tsaya kiran sunana. Ku ruga ku kira Kawunku.