Kwalbar da Ke Gindin Randa

Ranar kasuwar Tsanyawa Sauda ta fara ganin Ja'afaru, shi kuma yana kwance a ƙasa. Ya yanke jiki ya faɗi a layin masu hatsi, mutane suna ta cewa yunwa ce, don a shekarar kwanon gero ya gagari talaka. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ta sa aka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, irin wanda sai da allura kullum.

Da ya farfaɗo bai tambayi sunan ciwon ba, nata ya tambaya. Ka ji halin maza.

Ƙauyen su Ja'afaru ba wuta balle firij, maganin kuma ba ya son zafi. Ita ta koya masa ya ɗaure kwalbar a leda, ya binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Daga nan saƙo ya fara zarya.

"Likitata, na yi allurar safe. Saura maganin ganinki."

"Manomina, ka ci abinci tukuna. In ka sake faɗuwa zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Sai Badaru mai shagon taki, wanda ya daɗe yana yi wa Sauda naci ba ta ko kallonsa, ya hango Ja'afaru a gona ya ɗage riga yana soka wa cikinsa allura. Kafin la'asar labari ya kai kunnen Malam Abdussalam, mahaifinta: wai yaron ɗan ƙwaya ne, shi ya sa ya rame. Malam ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidansa.

Washegari saƙo ya shigo.

"Sauda, tun jiya na bar allurar. Gara in rasa ta da in rasa ki."

Ta san in babu allurar, 'yan kwanaki kaɗan sun isa su kashe shi. Ta tarar da mahaifinta a zaure, ta durƙusa.

"Baba, in baƙo ya kawo buhun gero ƙofar gidan nan, zai shigo da shi?"

Malam ya ce ina, sai an yi sallama an amsa.

Ta ce haka jiki yake. Ƙananan ɗakuna ne birjik, kowanne da ƙofarsa. Abinci yakan zama suga ya bi jini, amma ba ya shiga sai wani ɗan aike mai suna insulin ya zo. A jikin kowace ƙofa akwai wurin da Allah Ya yi don shi kaɗai. Da ya taɓa wurin sai a buɗe. To jikin Ja'afaru ya daina samar da ɗan aiken nan, ga abinci a ƙofa, ga 'yan gida da yunwa.

"Ƙofofinsa lafiya lau, Baba. Mai sallamar ne babu, shi yake sawa da allura. Kuma saboda mu ya bari."

Kunya ta kama Malam. Ya zura takalmi, suka hau mota.

Sun tarar da Ja'afaru kwance, leɓe a bushe. Malam da hannunsa ya tone yashin gindin randa, ya miƙa masa kwalbar.

"Yi a gabana, ɗana, mu wuce asibiti. In ka miƙe ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Alkaki da nakiyar gara dangin ango ne suka kwashi rabonsu, shi sai kallo, Sauda tana yi masa dariya. Amma a cikin kayan ɗaki akwai sabuwar randa da buhun yashi mai laushi, Malam ya ce wannan tasa gudummawar ce ga surukinsa.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sa gindin randar nan kada ya taɓa bushewa.