Muryar Kujerar Baya

Duhu ya fara shiga lokacin da wani tela ya fita gwada motar da zai saya, wata ja mai ƙofa biyu, ta hannu, daidai ƙarfinsa. Su biyu ne kawai a ciki, shi da dillali.

"Taka ta, maigida, ba keken ɗinki ba ce!" in ji dillali.

Ya taka. Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, gwiwar wani ta tokari bayan kujerarsa.

"Rage gudu, ɗan'uwa," wata murya ta ce daga baya. "A kwanar nan ne na rasa raina."

Tela ya duba madubi, bai ga kowa ba. Ya dubi dillali, ya ga ya runtse ido, yana zufa.

"Don Allah," in ji dillali, "yi abin da ya ce."