Tsuntsuwar Mama Lois

Ruwan safe ya ɗauke, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun Jalingo, lokacin da Insfekta Hammanjoda ya isa unguwar Majidaɗi. A takardar ƙara an rubuta: satar tsuntsu ɗaya.

Kejin na rataye a baranda. Tsuntsaye biyu ne a ciki, 'yan mitsi-mitsi, kore shar, fuska ja, kamar aku da aka ƙanƙance. Marigayi Dakta Manasseh, likitan dabbobi, shi ya zo da su daga ƙasar waje.

"Mama, da su nawa ne?"

"Biyu," in ji Lois, matar marigayin.

"Yanzu fa?"

"Biyu. Amma wancan ba matar wannan ba ne. An canja mini."

Ɗanta Benjamin ya ja Insfekta gefe. "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Tun rasuwar Baba kanta ba daidai ba. Gobe zan kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, in rufe gidan."

Akwatunanta na jere a bakin ƙofa.

Insfekta ya cire hula, ya zauna. Ruwa na ɗiga daga kwanon rufi. Can sai ɗayan tsuntsayen ya saki wata siririyar waƙa, doguwa, kamar zare ake warwarewa a iska. Har idon Insfekta ya fara lumshewa. Sai na biyun ya ɗauka daga inda na farkon ya tsaya.

"Ka ji ko?" Lois ta ce a hankali. "Namiji ke waƙa. Mace tsit-tsit kawai. Shekara huɗu ban ji tawa ta yi haka ba."

"A ido ba a ganewa?"

"Jan namiji ya ɗan fi yawa. Ko mai gidan sai ya sa tabarau."

Insfekta ya juya ga Benjamin. "Wa kuma ke da irinsu a garin nan?"

"Baba Timoti, a Sintali. Abokin Baba ne, Baba ya ba shi 'ya'yansu biyu, shekara biyu ke nan. Kullum ƙorafi yake ba sa ƙwai. Lahadi waccan ma shi ya gyara ƙofar kejin nan."

"Shiga mota, ka nuna mini gidan."

Sun tarar da Timoti, tsohon akawu, yana shara a ƙarƙashin mangwaro.

"Malam Timoti, yaushe rabonka da gidan Dakta?"

"Tun ranar da muka binne shi, Yallaɓai."

Benjamin ya ɗaga kai. Insfekta ya wuce wurin kejin da ke rataye a reshe. Tsuntsu ɗaya na kan kara yana waƙa. Ɗayar ta lafe cikin ɗan kwandon ciyawa, shiru, kamar mai barci. Ya taɓa kwandon da tsinke. Ta matsa. Ƙwai uku, farare.

"Shekara biyu ba ƙwai, yau ga uku. Wanne ne cikin mazan naka ya yi ƙoƙari?"

Tsintsiya ta faɗi. Timoti ya zauna a kan turmi.

"Manasseh ya yi mini alkawarin mace, bai kai ga cikawa ba ya rasu. Na roƙi Lois, ta hana. Ranar da na gyara ƙofa na sa mata nawa ɗaya, na ɗauko tata a aljihu. Na ce ai kamarsu ɗaya, wa zai gane?"

"Ta gane. Aka ce ta haukace."

"Na ji ana faɗa."

"Ka ji, amma ka yi shiru."



Benjamin ya daɗe yana kallon kwandon. "Yallaɓai, ba ni kejin. Ni zan kai mata. Zan kuma mayar da akwatunan ciki."

Insfekta ya kama hannun Timoti, suka nufi mota. A bakin ƙofa tsohon ya waiwayo.

"Benjamin, a hankali, ɗana. Kada ka girgiza ta, tana kan ƙwai."