Mai Ginin Tukwane da Ruwan Bazara

Can a zamanin da, a wani ƙauye a gindin dutse, an yi wata tsohuwa Kirista mai ginin tukwane. Da tukwanen nan take samun hatsin ciyar da jikokinta.

Wata bazara ta gina tukwane da yawa, ta shanya su a fili. Sai ga hadari ya taso. Ta durƙusa ta ce, "Ya Uba, ka tsai da ruwan nan su bushe, cikin sunan Yesu." Hadari ya watse. Kashegari ta roƙa haka, hadari ya watse. Rana ta uku ma ta roƙa, amma ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin ta kwashe ko biyu, tukwane sun koma laka.

Ta zauna tana hawaye, ta ce, "Ya Uba, ban gane ba, amma ka fi ni sani."

Ruwa na ɗaukewa, sai ga wani maharbi da gudu. Ya ce, "Inna, zo ki gani! Gobarar daji ce ta taso daga bayan dutse, iska na koro ta."

Ta bi shi. Iyakar ganinta daji ya ƙone ƙurmus, toka na ta tururi. Taku bakwai ya rage wuta ta kama rumbunan ƙauyen, a nan ruwan saman ya kashe ta.

Tsohuwa ta durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar toka, ta ce, "Amin."