Hannu a Zunguru

Sufeto Sada na ofishin 'yan sanda na Daura yana zaune a bakin teku, ya tuɓe takalma ya tsoma ƙafa cikin ruwa, lokacin da labarin satar ya same shi. Hutu ya zo, cikin watan Yuni na 1976, kuma wuni ɗaya tak gare shi a wannan ɗan ƙaramin gari na ƙasar Girka, wanda har ya bar shi bai iya faɗin sunansa daidai ba.

Biki ne ya kawo shi. Akwai wani Bagirke mai suna Kosta da ya yi shekaru da dama yana sayen fatu da ƙiraga tsakanin Daura da Zango da Baure. Iya Murja, mahaifiyar Sada, ita ta yi renon 'yarsa Eleni, ta goya ta, ta raɗa mata suna Kulu. Da Kosta ya koma gida, auren 'yar kuma ya taso, Kulu ta kafe a kan ba za a yi ba sai da Iya. Lokacin kuɗin mai sun cika gari, jirgin sama ya zama kamar motar kasuwa, sai Sada ya ɗauki hutu ya rako tsohuwa.

Garin ya yi masa daɗi ƙwarai. Gidaje farare tas sun hau kan tudu, ƙofofinsu shuɗɗa, jiragen masunta na ta rausaya a gaɓa. Mutumin da ya tashi yana ganin ana sayen ruwa a garwa, ga shi yau ruwa iya ganin ido, ba mai gadi.

Kosta ne ya iso yana haki. Hausarsa ta 'yan kasuwa ce, ba ta da gargada.

"Yallaɓai, taso. Awarwaron Kulu sun ɓace, na zinari, gadon kakarta. Mai ɗakina ta kira ɗan sanda."

"Wa ake zargi?"

Kosta ya sunkuyar da kai. Sada ya sa takalmansa da jiƙaƙƙun ƙafafu.

A gidan biki ya tarar da Iya zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, ta ja mayafi, mata sun yi cirko-cirko suna kallonta. A gabanta ga Saje Yorgo, ɗan sanda ɗaya tilo a garin, mai tumbi da gashin baki, riƙe da fasfonta. Ba mugu ba ne, har kunya yake ji. Ya yi wa Sada bayani da ɗan Turancinsa cewa tsohuwar ce ta tuɓe awarwaron daga hannun amarya, kuma ɗan ƙanwar matar gida, wani saurayi mai suna Isbiro, ya ce ya ga ta koma ɗakin ita kaɗai. In har aka kaɗa ƙararrawar coci da yamma ba a samu kayan ba, dole ya tsare ta ya aika da ita babban ofishi. Isbiron yana tsaye a gefe, ya rataya kwat a hannun dama, ya ce zai tafi ya gyara jirgin ruwan ɗaukar amarya.

Ran Sada ya ɓaci. Matar da ta yi shekara da shekaru riƙe da makullan gidan Kosta a Daura, yau ita ce ɓarauniya. Amma ya haɗiye, ya durƙusa kusa da ita.

"Iya, ina kika ajiye su?"

"Auta, ni ma tambayata za ka yi?"

"Aikina ke nan, Iya."

"A cikin zunguru na jefa su. Uwar Kulu ta ce ba ta yarda a ƙunsa mata har gwiwar hannu ba, sai yatsu kawai. To, zunguru ya zauna da lallensa. Na ce wane namiji ne zai sa hannu a zunguru?"

"Kin koma ɗakin ke kaɗai?"

"Na koma ɗauko buta. Laifi ne?"

Sada ya hau bene. Amarya na zaune a bakin gado, idanu sun yi ja, yatsu sun fi su ja. Da Hausar Daura ta gaya masa in aka tafi da Iya, to ango ya nemi wata. Ya ɗauki zungurun, doguwar ƙwaryar nan da amare ke zura hannu a ciki in an yi musu ƙunshi, ya kai shi bakin taga. Bakin zungurun ya tsage, babu awarwaro a ciki. A jikin lallen da ke ciki ga sawun yatsu huɗu manya-manya, an ja su tun daga ƙasa har sama. Hannun Iya kuwa kamar na yarinya yake.

Ya leƙo ta taga ya tambayi Iya wane irin lalle ne. Ta ce na Zango ne, ita ta daka abinta, ya kwana a kwaɓe, kuma ba ya jin wasa. A nan Sada ya yi murmushinsa na farko. Ɗan mai ƙunshi ne shi, ya san lalle ba ya nuna kansa nan take. Da fari rawaya-rawaya yake, rana na ɗagawa yana ja, musamman a farar fata.

Ya sauko ya ce wa Kosta ya zo ya zaga da shi gari, yana so ya gaisa da mutane. Kosta ya dube shi kamar wanda ya zautu, amma ya bi shi.

Ranar nan garin ya sha gaisuwar Hausa. Duk wanda suka haɗu da shi sai Sada ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, Kosta na fassarawa, shi kuwa yana juya tafin hannun yana duba farce. Girkawa suka ji daɗin abin. Tsofaffin da ke gidan gahawa, masu kaɗa carbi ba tare da sun ambaci kowa ba, suka ja masa kujera. Aka kawo masa gahawa mai kauri a ɗan mitsitsin kofi, da zaitun, da cukun awaki. Ya tambaya ko akwai alade a ciki, aka ce babu, ya yi bismilla. Rabonsa da cin abu mai daɗi haka har ya manta, sai dai kowace loma ya kai baki sai ya tuna Iya.

Daga nan suka shiga gidan burodi, domin an ce mai shi, wata mata Marika, ta kai burodin biki da safe.

"Kin hau bene?"

"Ni? A ƙofa na ajiye na juya."

"To wa ya bar sawun fulawa a jikin ƙarfen bene?"

Babu wani sawun fulawa, dabara ce irin ta ofishin Daura. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Marika ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta hau, rigar amarya ta je leƙe don ta riga maƙwabta ba da labari. Ba ta ga rigar ba, sai bayan wani namiji ta gani a bakin ɗakin, ɗauke da kujeru, yana leƙen baƙuwa tana tuɓe wa amarya awarwaro. Masu ɗaukar kujeru kuwa su biyu ne, Manoli masunci da Isbiro. Hannuwanta fari fat da fulawa. Ta cusa wa Sada burodi mai riɗi, da zafinsa, ta ƙi karɓar komai.

A gaɓa suka sami Manoli yana ɗinkin koma. Sama da kansa an shanya wasu halittu masu ƙafa takwas a igiya kamar wanki, Kosta ya ce cinsu ake yi, Sada ya ce Allah ya ba masu ci lafiya.

"Ina kake da safe?"

"A teku, tun asuba."

"Jirginka a bushe yake."

Manoli ya sosa ƙeya. Ya amsa cewa ya ɗauki kujeru, ya ƙaryata ne don ya ɗan taɓa tulun giyar biki a ɗakin ajiya, kuma yana tsoron matar Kosta fiye da guguwa. Ya miƙa hannuwa, duk kanta da baƙin kwalta, babu ja ko ɗis. Da aka tambaye shi Isbiro, sai ya ce ai yaron ya yi rashin sa'a, ƙugiya ta yanke shi a hannu ɗazun nan, har ya naɗe da bandeji.

Rana ta take, gari ya yi tsit. Kowa ya rufe taga ya kwanta, har kyanwoyi sun miƙe a inuwa. Sada ya yi alwala a famfon dandali don ya yi azahar, sai ya ga tulin ɓawon lemon tsami a gindin famfon, an matse su sarai, ruwan da ya kwanta a wajen ya yi kore-kore. Ya nuna wa Kosta. Kosta ya ce al'adar masunta ce, in hannu ya yi ƙarni ko ya ɓaci, da lemon tsami suke goge shi.

Sada ya zauna a bakin famfon ya yi ta dariya har hawaye. A Daura, in ana so lalle ya kama da kyau, lemon tsami ake matsa masa. Bawan Allah ya zo wanke laifinsa ya ƙara masa rini da hannunsa.

Ya yi sallarsa a kan dutse yana fuskantar teku. Da ya sallame ya aika Kosta ya taso Saje Yorgo daga barci.

Da la'asar gidan biki ya cika. Makaɗa sun zo da gurminsu da sarewa, mata sun yi ado, amarya kuwa ta ƙi saukowa. Iya na nan inda aka bar ta. Isbiro ya shigo cikin kwat, gashi ya sha mai, hannun dama naɗe da farin bandeji har ya shige cikin hannun riga. Sada ya tare shi da fara'a, ya miƙa masa hannu. Yaron ya miƙo na hagu.

"Me ya sami hannun?"

"Ƙugiya."

"Yaushe?"

"Bayan na gama ɗaukar kujeru."

"Ƙugiya ɗaya ta yanke ka tun daga yatsa har gwiwar hannu?"

"Babba ce."

"Sannu. A garinmu ba a barin ciwo a rufe ranar biki. Saje, taimaka masa."

Isbiro ya waiga ƙofa, ya tarar Manoli da Marika sun cika ta. Saje Yorgo ya tuɓe masa kwat, ya shiga warware bandejin a hankali, Kosta na fassara wa jama'a abin da ake ciki. Babu yanka ko na ƙaya. Hannu ne ya fito jawur, yatsu da farce da tafi, jan ya haura wuyan hannu ya yi zobe daidai inda bakin zunguru ya tsaya. Sada ya ɗauko zungurun ya ajiye a gefen hannun.

Wata tsohuwa ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai gidan duka ya ɗauka. Iya ta miƙa wuya ta duba aikin da kyau, irin duban masu sana'a.

"Auta, gaya masa ya fi amarya kamawa."

Isbiro ya fashe da kuka. Ya ce awarwaron na cikin jirginsa, ƙarƙashin koma. So yake ya sayar ya shiga jirgin Amurka, ya gaji da ƙarnin kifi. Ya ce ya yi lissafin baƙuwa ce, gobe za ta tafi, ba wanda ya san ta, in an ɗora mata ba wanda zai damu. Wannan maganar ita ta kashe dariyar. Kosta ya fassara ta da ƙyar.

Manoli ya ruga ya kawo awarwaron, har da busasshen lalle a jikinsu. Saje Yorgo ya miƙa wa Iya fasfonta da hannu biyu, ya ƙame ya sara mata, sannan ya sara wa Sada. Ya sa wa Isbiro ankwa ya tasa shi gaba. Suna fita Iya ta ce a gaya wa yaron kada ya wahalar da kansa da sabulu, sai farcen ya tsiro ya fita, kafin nan ya samu lokacin tunani.

Matar Kosta ta tako har gaban Iya. Ta daɗe da manta Hausarta, amma ta lalubo abin da ya rage mata, ta durƙusa ta ce, "Iya, yi haƙuri." Iya ta bar ta a durƙushe na ɗan lokaci, don ita ma mutum ce. Sannan ta kama kafaɗarta ta ɗaga ta, ta ce ai biki ake yi.

Ƙararrawar coci ta kaɗa. Amarya ta sauko cikin farar riga, ta wuce uwarta da ƙawayenta, ta miƙa wa Iya hannuwa biyu. Iya ta goge awarwaron da bakin mayafinta ta zura mata ɗaya bayan ɗaya. Da aka fito, Kulu ta ƙi sakin hannunta, don haka tsohuwar Daura ce ta ja gaban ayarin, makaɗa na biye, suka gangara ta bakin gaɓa mutanen gari na watsa musu shinkafa da furanni.

Iya ba ta shiga cocin ba. A bakin ƙofa ta saki hannun 'yar da ta goya, ta gyara tsayuwa, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Garin bai taɓa jin irinta ba. Tsuntsayen teku suka tashi fir, makaɗa suka tsaya. Can daga gaɓa wani jirgin masunta ya amsa da ƙahonsa, wani ya karɓa, har duk suka ɗauka.

Sada ya kama ɓarayin shanu a Baure, ya kama 'yan fasa-ƙwauri a kan iyaka, amma bai taɓa jin daɗin aikinsa irin na ranar ba. Ya juya baya yana kallon teku don kada a ga idon sufeto ya kawo ruwa. Iya ta ja numfashi, ta sake rangaɗa ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo.