Jirgin Da Ya Miƙe Bayan Kasuwar Katako

Manajan kamfanin kai magani ne ya kawo ƙara ofishin 'yan sanda da kansa, yana gumi cikin kwat. Jirginsu mara matuƙi ya tashi da safe zuwa wani asibiti, bai isa ba, bai dawo ba. Har ya gama yanke hukunci: Injiniya ce, matar da ke tsara wa jiragen hanya, a kulle ta yau.

Sufeto ya tsani a tauna masa aiki a sa masa a baki. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ɗinsa, suka bi shi.

A ɗakin sarrafa jiragen akwai kwamfuta biyu, da batura jere a kan tebur. Injiniya ko miƙewa ba ta yi ba.

"Me ya samu jirgin?" in ji Sufeto.

"Sadarwa ta yanke, allo ya yi ja."

"In ta yanke, me jirgi ke yi?"

"Yana komawa masaukin da aka saka masa, da kansa."

"To me ya hana shi dawowa nan?"

"Na'ura ce, ranka ya daɗe. Tana rikicewa."

Ya sa ta buɗe taswirar tafiyar. Layin ya juya ya miƙe sak zuwa bayan kasuwar katako, kafin ya ɓace. Sufeto bai san jirgi ba, amma ya san wanda ya rikice ba ya miƙe hanya haka.

Ya hau rufin ginin inda eriya take. Wayarta na lilo, ba tsinkewa ta yi ba, an kwance ta ne, an ajiye notin a kan bulo don kada ya ɓata. Ɓarawon gaske ba ya tausayin noti. Mai gadi ya ce mutum ɗaya ke riƙe da makullin rufin, Makaniki, yayan Injiniya.

Aka kira shi, ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Ka hau sama yau?"

"Ban hau ba."

"Ina gidanku?"

Ya ci gaba da goge hannunsa. Manaja ya amsa masa: "Bayan kasuwar katako."

Injiniya ta yi zumbur ta miƙa wa kofur hannuwanta. "Ni na sauya masaukin, ni na kwance wayar. Ku sa min ankwa, lasisin ma ku riƙe."

"Sauke hannunki, Auta," in ji Makaniki. "Ko tsani ba ki iya hawa ba. Ni ne, yallaɓai, kuma ban yi nadama ba."

"Yaya, ka yi shiru."

"Na gaji da shirun." Ya juya ga Sufeto. "Mahaifiyarmu ɓarin jikinta guda ya shanye. A tsakar gida matata ke yi mata wanka da hantsi, saboda sanyi. Hanyar jirgin nan ta kanmu ta bi, kyamara a kunne. Na shigo ɗakin nan na tarar da ma'aikata suna maimaita hoton suna dariya. Na roƙi wannan mutumin ya sauya hanya, ya ce zagaye cin batir ne. Tun da Inna ta ji labari ba ta sake leƙo ƙofar ɗaki ba."

Manaja ya soma gyara murya. Sufeto ya ce kofur ya kwashe kwamfutocin, shi ma Manaja ya same su a ofis ya yi bayani. Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai, kuma bai ɓoye ba.

A gidan su Makaniki suka sami jirgin ƙarƙashin tabarma, lafiya lau, sai kyamarar da aka farfasa da guduma.

"Maganin fa?" Sufeto ya tambayi Makaniki.

"Na kai asibiti a babur. Ba da marasa lafiya nake faɗa ba."

Doka ba ta san wannan ba, sata sunanta sata. Kofur ya sa masa ankwa, Auta na cizon leɓe don kada ta yi kuka gaban 'yan sanda.

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta tambaya ko abin nan ya wuce.

Makaniki ya tsaya a zaure, ya ɗaga murya.

"Auta, shimfiɗa mata tabarmar. Fito ki sha iska, Inna, yau babu mai kallonki."