Zumurrud a Cikin Bargon Ƙusai

Gyaran fitila ne ya kai Ƙusai shagon Abu Rami da ke Amman, inda ake sayar da tsuntsaye da kyanwoyi da kifayen ado. Yana kan tsani, waya a bakinsa, ya leƙa ƙaton akwatin gilashin da aka ce ya gyara wa fitilar ɗumi. Abin da ya ɗauka tulin dardumai ne ya ɗago kai ya dube shi.

"Kar ka faɗo mata a kai, jiya ta ci abinci," in ji wata murya daga ƙasa.

Lujain ce, 'yar mai shagon. Ƙusai ya dubi mesar mai tsawon mita uku, ya dubi yarinyar, ya rasa wadda ta fi ruɗa shi.

"Sunanta Zumurrud, ba ta sayarwa ba ce. Tsoro kake ji, Injiniya?"

"Ni? Ai da macizai na tashi."

Ƙusai ko tsaka ya gani a banɗaki sai ya kira ƙanwarsa. Amma daga ranar fitilun shagon suka shiga lalacewa sau biyu a mako, abin da kamfanin da ya ƙera su bai taɓa jin irinsa ba.

Da maganar ta kai kunnen Abu Rami, sai ya sa aka kira shi. Bai tambayi albashi ba, bai tambayi gida ba. Ya buɗe akwatin ya ce, "Riƙe min ita, ɗana, in share wurin."

Ƙusai ya tuna yana da aiki a garin Zarƙa. Ya fita har ya manta jakar kayan aikinsa.

"Shekara goma sha takwas tana hannuna," Abu Rami ya ce wa 'yarsa. "Ɗan'uwanki Rami yana Jamus, ke za ki gaje ta. Wannan kuwa, ranar da ya aure ki zai raba ki da shagon. Ga Yazan ɗan baffanki, kullum tana wuyansa."

Gaskiya ne, kullum tana wuyan Yazan, amma daidai lokacin da ake ɗaukar hoto kawai.

Kwana tara Ƙusai bai leƙo ba. Lujain ta rubuta masa: "Jakarka tana nan, jarumi. In ni ka guda, faɗa min."

Ya amsa: "Ƙarya na yi miki, hasken idona. Tsoronta nake ji kamar mutuwa. Kunya ce ta hana ni zuwa."

"Tun kana kan tsani na sani. Tsanin ma rawa yake."

Ran nan gari ya waye da dusar ƙanƙara, hanyoyi suka rufe, wutar unguwar shagon ta ɗauke. Gidan Abu Rami na can kan tudu, mota ba ta sauka. Aka kira Yazan, ya ce motarsa sabuwa ce. Abu Rami ya sa takalmi ya kama hanya da ƙafa, ita kuma Lujain ta ɗauki waya ta kira Ƙusai.

"Kai ne kusa. Makulli yana wurin maƙwabcinmu mai sayar da kayan zaƙi na kunafa. In sanyi ya shige ta, shi ke nan."

Ƙusai ya isa a guje, ya duba wayoyi, ya ga daga babban layi ne. Duk iliminsa na lantarki ya tashi a banza.

"Ba wuta, ba janareto. Me zan yi?"

"Akwai buhun yadi a ƙarƙashin teburi. Sa ta a ciki, ka ɗaure, ka rungume ta cikin bargo. Kai ne abu mai ɗumi kaɗai a shagon."

"Lujain, ina son ki. In an tambaya, ki ce da kalmar shahada na tafi."

"Yi sauri, raina. Sanyi ya kashe mata jiki, ba ta da ƙarfin cutar da kai."

Awa uku bayan nan Abu Rami ya turo ƙofa, gemunsa fari fat da dusar ƙanƙara. Ya tarar da mutum zaune a ƙasa cikin bargo, ido a rufe, yana karanta duk surar da ya haddace, har ya koma kan ta farko sau huɗu. Buhun da ke ƙirjinsa yana motsi a hankali.

"Baffa," Ƙusai ya ce ba tare da ya buɗe ido ba, "ta fara jin daɗi. Don Allah karɓe ta."

Ranar neman aure maza arba'in suka cika falon Abu Rami. Aka zuba wa kawun Ƙusai gahawa, ya ajiye kofin bai kurɓa ba, sai an biya masa buƙata, kamar yadda al'adar ƙasar take. Ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo kan jarumtar ɗansu, wanda a cewarsa tun yana yaro ba ya tsoron komai.

"Wannan ba gaskiya ba ne," in ji Abu Rami. "Ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Wanda ba ya jin tsoro kuwa ya zauna a gida yana gadin mota. Ku sha gahawarku, na ba shi."

Guɗa ta tashi daga ɗakin mata, aka karanta Fatiha, aka yi ta Allah ya sa albarka, ya ba da zuriya ɗayyiba. Wayar ango ta yi motsi a aljihu, saƙon taya murna ne daga Lujain.

"Mabruk, jarumina. Baba ya ce daga yau kai ne mai ba ta abinci ranar Alhamis."

Ƙusai ya ɗaga kofinsa, rabin gahawar ta zube masa a wando, ya shanye sauran yana murmushi.